Gira Ta Sauko, Ido Ba Hawaye

Zuwa ga Malam Rabe, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Don girman Allah, Malam, ka taimake ni ka karanta wannan takarda har ƙarshenta ko da ta yi tsawo, domin abin da ke cikinta ban taɓa faɗa wa kowa shi gaba ɗaya ba, har matar da muka yi shekara ashirin da huɗu tare. Ka yi haƙuri da rubutuna. Aji uku kawai na yi a elementare kafin mu bar gida, kuma hannuna ya daɗe da komawa rubutun dama zuwa hagu. Jaridarku tana iso mana nan Makka a cikin kayan alhazai, wani lokaci an naɗe takalmi da ita, wani lokaci kilishi. Mu warware, mu goge mai, mu karanta. A haka na san filinka. Sunayen da za ka gani a nan duk na aro ne, domin unguwarmu kowa ya san kowa.

Ni mutumin ƙasar Katsina ne, shekarata hamsin da biyu. Na fito tare da mahaifina ina saurayi. Shekara biyar muka yi a Sudan muna tsinkar auduga don neman guzuri, a can Allah ya karɓi ransa, ni kaɗai na tsallaka teku. Yau shekarata ashirin da takwas a Makka, ina zaune a unguwar Tandabawi. Aikina hidimar muɗawwifi, wato shehin da ake damƙa wa alhazan ƙasarmu. Ni nake tarbarsu a Jidda, in yi musu tafinta, in shige gaba a ɗawafi ina faɗar addu'a suna maimaitawa, in kai su Mina da Arfa in dawo da su. In aikin Hajji ya wuce ina da 'yar tireda ta tasbaha da turaren wuta. Alhamdu lillahi, ban taɓa kwana da yunwa a garin nan ba.

Damuwata guda biyu ce, kuma duk a fuska suke.

Ta farko idona. A gonakin audugar nan na kamu da amodari, saboda ƙuda da ƙura. Ya warke, amma ya bar ni da idon da ba ya kawo ruwa. Kullum ji nake kamar an watsa mini yashi. In iska mai zafi ta taso daga duwatsun nan, sai in ji kamar ana goga mini tsumma a ƙwayar ido. Akwai kuma wasu gashin ido da suke juyawa ciki suna soka ta. Duk ranar Juma'a da safe matata Zinariya takan zaunar da ni a bakin ƙofa inda haske yake, ta sa hantsaki ta cire su ɗaya bayan ɗaya. Kafin wata Juma'ar sun sake tsirowa. Abin da ya fi yi mini ciwo kuwa, Malam, shi ne ranar Arfa. Ina tsaye gaban mutum arba'in ina jan addu'a, kowa hawaye na zuba har gemu, ni zuciyata ta narke, amma ko ɗigo. Na taɓa jin wani alhaji yana ce wa ɗan'uwansa, wannan ya saba, abin ya daina taɓa shi. Wallahi bai daina taɓa ni ba.

Ta biyu girata. Gadon gidanmu ce, haka ta mahaifina ta yi. Tun da na ba arba'in baya ta fara saukowa, yanzu ta zauna daram a kan idona, ta wajen hagu ma ta fi. Ga layi biyu sun tsaga tsakanin girar kamar an yi da aska. Duk wanda ya dube ni sai ya ɗauka yanzu zan rufe shi da faɗa. Yaran unguwa, da ma Larabci ya fi kama bakinsu, sun sa mini suna Ammi Za'alan, wato Baba mai fushi. Da ina dariyar sunan. Yanzu har manya sun ɗauka, har akwai waɗanda ba su san sunana na yanka ba.

Da a nan abin ya tsaya da ban dame ka ba. A Hajjin bana wata tsohuwa daga cikin alhazanmu ta ɓace a Mina ranar jifan farko. Tun hantsi nake nemanta, tanti tanti, har wajen mayanka, ƙafata duk ta yi bororo. Sai bayan la'asar na same ta a raɓe a inuwar wata motar ruwa, takalmi ɗaya a ƙafa, leɓenta ya tsage don ƙishi. Ni dai ban san ranar da na yi farin ciki irin na wannan lokacin ba. Na durƙusa zan miƙa mata ruwa. Tana ɗaga kai ta ga fuskata sai ta haɗa hannu biyu tana cewa, Malam ka yi mini rai, ba zan ƙara ba. Ban ce mata komai ba fa.  Na goyo ta har tanti, tana ba ni haƙuri a kunne har muka isa.

Ɗanta ya kai ƙara wurin shugaban ayarinsu, wai na tsorata uwarsa. Da alhazai suka watse shehinmu ya kira ni. Mutumin kirki ne, shekara ashirin muna tare, bai ɗaga mini murya ba. Ya zuba mini shayi da hannunsa, ya ce ya san halina sarai, amma yanzu zamani ya canza, alhazai a jirgin sama suke zuwa, kuma in sun koma gida suna ba da labari. Ya ce baƙo fuska yake fara gani. Saboda haka baɗi wani saurayi Mukhtaru, haifaffen nan, shi zai riƙa tarbar baƙi yana jan ɗawafi, ni kuma in koma kula da kafa tantuna da rabon ruwa a Mina. Bai rage mini komai daga haƙƙina ba. Amma Malam, ni shiga gaban mutumin da bai taɓa ganin Ka'aba ba, in ji numfashinsa ya ɗauke a bayana sa'ad da muka shigo ta ƙofa, wannan shi ne abin da nake jira shekara guda cur. Shi aka karɓe mini.

Ga kuma jikata. 'Yata Ruƙayyatu tana aure a unguwar Zahir, ta haifi mace, Maryama, watanta takwas. In kakanta na wajen uba ya ɗauke ta sai ta kama gemunsa tana ɓangala dariya. Ni ina miƙa hannu sai ta ƙwalla ƙara ta ɓoye fuska a jikin uwarta. Ruƙayyatu ta ce, ya Baba, yi mata murmushi mana. Ai murmushin nake yi.

To ana nan sai na je aski wurin wani wanzami Bamisre da ke kusa da Harami, wanda muka saba. Yana mini gyaran fuska ina ba shi labarin abin da ya faru, sai ya ajiye askar ya tsaya a bayana, ya sa manyan yatsunsa biyu a goshina ya ja sama, ya ce in dubi madubi. Malam, na ga mutumin da ya sauka a Jidda shekara ashirin da takwas da suka wuce. Idona a buɗe, fuska a sake, har wani haske na ga ya ƙaru a shagon. Na kasa ce masa ya saki. Ya ce ƙanin matarsa yana aiki ƙarƙashin wani likita a Alƙahira wanda sana'arsa ke nan. Wai ana tsaga fatar ne a saman gira ko a bakin gashin kai, a yanke kamar faɗin yatsa, a ja sama a ɗinke. Kwana goma an warware zare. Ya ce manyan mata da 'yan wasan silima ke zuwa wurinsa, amma maza ma suna zuwa ta ƙofar baya. Ya rubuta mini adireshi.

Tun ranar ba ni da wani tunani. In na shiga alwala sai in tsaya gaban ɗan madubin Zinariya in ja girata sama da yatsa in yi ta kallo, kamar wata budurwa. Ina jin kunyar rubuta wannan.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kafin tawagar likitocin Pakistan da ke zuwa aikin Hajji su koma, na je karɓar maganin ɗigawa, abin da muke ce wa gaɗara a nan. Na daure na tambayi likitan game da wannan aiki. Ya juya fatar idona ya duba cikinta, sannan ya maƙala mini wata 'yar siririyar takarda a ƙasan kowane ido, ya ce in rufe. Bayan kamar minti biyar ya zare su, ya nuna mini. Yadda ya sa su haka ya cire su, sai ɗan bakin ne kawai ya jiƙe. Ya girgiza kai, ya taɓa girata, ya ce da gurɓataccen Larabcinsa kada in yarda kowa ya ja wannan fata. Na so in tambaye shi dalili, amma layi ya kai waje, kuma Larabcinsa da nawa ba su haɗu sosai ba. Da na koma na gaya wa wanzamin sai ya yi dariya, ya ce likitocin Hajji ban da zafin rana da gudawa me suka sani, kuma ina ruwan goshi da ido.

Yanzu ga inda na fi jin nauyi. Na riga na yi fasfo, na yi niyyar shiga jirgin ruwa zuwa Masar nan da wata uku. Na gaya wa Zinariya cewa maganin ido zan je nema. Ta yi murna har ta yi sujada. Ta bi maƙwabta tana cewa a sa ni a addu'a, ta fara busar mini da nama na guzuri. Duk sanda na ga naman nan a kan igiya sai in ji kamar in nutse. Ban taɓa yi mata ƙarya mai girman wannan ba.

Malam, kai da ka yi aikin asibiti kamar yadda ka taɓa faɗa a filinka, ka gaya mini gaskiya. Mene ne haɗin gira da bushewar ido? Maganar wa zan ɗauka? Kuma shin wannan canza halittar Allah ne, ni da nake zaune a maƙwabtan ɗakinsa? Wani lokaci in ce wa kaina ba ado nake nema ba, so nake kawai fuskata ta daina yi mini ƙarya. Wani lokaci kuma in ce, anya ba adon ba ne kake nema da furfurarka kana ruɗin kanka? Ban fid da rai ba, ina jin a jikina akwai mafita, hanyar ce ban gani ba. Wannan takarda zan ba wani alhaji da ya yi jinkirin komawa ya sa maka a gidan waya a Kano. Akwai ɗan garinmu da ke aiki a Jidda wanda jarida ke zuwar masa a kan kari, na roƙe shi ya riƙa ajiye mini.

Naka,
Mai Nauyin Gira,
Tandabawi, Makka. Muharram 1385.

*

Wa alaikumus salam, Alhaji.

Bari in fara da amsar a gajarce, ko da jaridar za ta yage kafin ta iso hannunka. Kada ka bari kowa ya ɗage maka gira sai likitan ido ya duba ka da kyau ya ce babu laifi. Kuma bisa abin da ka kwatanta, ba na jin zai ce haka a halin da idonka yake yanzu. Maganar likitan nan na Pakistan za ka ɗauka.

Gaskiya ne na yi shekara goma sha biyu ina malamin asibiti, amma ban dogara da wannan ba. Na ɗauki takardarka na kai wa wani likitan ido a nan Kano, na fassara masa ita, ban da sunaye. Ga abin da ya bayyana mini.

Ƙwayar ido tana rayuwa ne da danshi. Duk ƙiftawar da ka yi, fatar ido tana shafa mata ruwa, in ka yi barci kuma ta rufe ta ruf don kada ta sha iska. Fatar goshi da gira da fatar ido kuwa shimfiɗa ɗaya ce. Ka dubi labulen ƙofar ɗakinka. In ka ɗaga shi daga sama da faɗin yatsa, gindinsa ma zai tashi daga ƙasa da faɗin yatsa. Haka abin yake. Waɗanda aka yi wa wannan aiki, da yawansu sukan yi makonni idonsu ba ya rufuwa sosai, wasu kuma abin ya zauna musu. Mai wadatar hawaye yakan jure har fatar ta saki. Kai ba ka da wannan rarar. 'Yar takardar da likitan Pakistan ya maƙala maka awon hawaye ce, kuma ka ga sakamakon da idonka. Ƙari a kan haka, amodari yakan bar tabo a cikin fatar ido ya tsuke ta, shi ya sa gashin ke juyawa ciki. Wato labulenka da ma ya ɗan gaza. Likitan nan na Kano ya ce mai yiwuwa wannan gira da kake ƙi, saukowarta ce take ara wa idonka fatar da yake rufuwa da ita.

In ido irin naka ya riƙa kwana a ɗan buɗe, a gari mai zafi da busasshiyar iska kamar Makka, gilashin da ke gaban baƙin ido zai bushe ya tsage, ya yi gyambo. Gyambon nan in ya warke farin tabo yake bari, kuma in tabon ya zauna a tsakiya gani ya tafi. Fatar da aka yanke aka zubar kuwa, mayar da ita ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai kuma ƙananan haɗurra da ke kan kowa. Goshi yakan mutu ya daina jin taɓi, gira ɗaya takan fi ɗaya tashi, kuma fatar wasunmu takan yi tabo mai kumburi a wurin ɗinki. Amma duk waɗannan ba su kai maganar gani ba.

Ba zan zalunci wanzaminka ba. Aikin da ya faɗa maka akwai shi, ba damfara ba ce, kuma masu lafiyar ido da dama sun yi sun ji daɗi. Ina kyautata zaton alheri yake nufinka da shi. Sai dai shi da yatsa ya ja, ya kuma saki. Da ya riƙe ya ce ka rufe ido kamar mai barci, wani ya leƙa ya ga ko akwai farin da ya rage a buɗe, da ya fi kusa da gwada maka gaskiyar abin. Haka kuma ba zan ce damuwarka shirme ba ce. Mutum ya nemi tsohuwa yini guda a ranar Mina, ya same ta, ta roƙe shi kada ya hukunta ta, wannan ciwo ne na gaske. Babu abin kunya a ciki, kuma tsayawa gaban madubi ba na 'yan mata kaɗai ba ne, maza dai ba sa faɗa.

Yanzu ga labari mai daɗi, kuma saboda shi ne nake ganin zatonka na cewa akwai mafita daidai ne. Da na karanta wa likitan wurin layi biyun nan da ke tsakanin girarka, sai ya ce ai wannan ba duka ne gado ba. Mutumin da idonsa ke masa zafi, gashi na soka shi, hasken rana na kashe masa ido, dole ya yini yana tsuke fuska bai sani ba. Ka yi shekara talatin kana haka. Saukowar gira ta gidanku ce, amma wani kaso na fushin da mutane ke gani raɗaɗi ne kawai. In raɗaɗin ya ragu, ana sa ran fuskar ta ɗan saki da kanta. Ba za ta koma ta saurayin da ka gani a shagon aski ba, kada in yi maka alkawarin banza. Amma za ta iya fin ta yanzu sauƙi.

Saboda haka tiyatar da ya kamata ka tambaya a kanta ita ce ta gashin idon. Ƙaramin aiki ne da ake yi wa masu amodari, a gyara bakin fatar ido gashin ya koma kallon waje. Likitocin ido sun saba da shi ƙwarai, a Masar ma sun fi kowa sabawa don ciwon ya yi yawa a can. Ka fara da likitan ido a Jidda tukuna. In ya ce zai iya, ka huta da teku. In ya tura ka Alƙahira, ka tafi da takardarsa, ka nufi asibitin ido, ba adireshin da ke aljihunka ba. Ka gaya musu komai, har maganar girar. In bayan an yi maganin idon suka auna suka ga girar hagu tana tare maka gani, akwai ɗan ɗagawa kaɗan da akan yi da lissafi. Wannan su za su yanke, bayan sun tabbata idon zai rufu. In sun ce a'a, ka karɓi a'ar.

Kafin nan akwai abin da za ka fara tun gobe. Ka nemi likita ya rubuta maka maganin ɗigawa mai maye gurbin hawaye, ka riƙa sawa sau da yawa a yini, ba sai ya yi zafi ba, da man shafawa na ido lokacin kwanciya. Kada ka sayi kowane magani a kanti don wani ya ce ya yi masa aiki, wasu suna sa ido ya yi fari su ƙara busar da shi. Ka sayi baƙin tabarau mai faɗi wanda zai tare maka iska ta gefe. Kada ka zauna fanka tana hura maka fuska. Ka dakata da kwalli sai an duba ka. Kuma na lura turaren wuta kake sayarwa. In kana kunna shi a tireda don jan masu saye, to yini kake cikin hayaƙi. Ka fitar da kaskon waje, inda iska za ta kai ƙamshin titi ba idonka ba.

Game da halitta, na tambayi wani malami da nake girmamawa. Ya ce malamai sun bambanta tsakanin kawar da cuta ko aibin da ke cutar da mutum da kuma neman ƙarin kyau kawai, kuma gyaran gashin ido da duk abin da ke tare gani magani ne. Ya ƙara da cewa jefa gani cikin haɗari don gyaran kama shi ne abin da ya fi jin tsoro a lamarinka. Ni ba mai fatawa ba ne, kai kuwa kana zaune a inda malamai suke jere bayan kowace salla. Ka zaɓi wanda ka natsu da shi ka tambaye shi kai tsaye. Batun Arfa ma ka sa a tambayar, ko da yake na san amsar da zai ba ka. Wanda kake roƙo a filin nan ya san abin da ya sami idonka a Sudan.

Sai maganar uwargida. Ka gaya mata, kuma kafin ka ga kowane likita. Kada ka ce ai yanzu tafiyar ta zama ta maganin ido da gaske, don haka ƙaryar ta goge kanta. Ba ta goge ba. Matar da ke duba cikin idonka kowane mako ta san fuskarka fiye da madubi, kuma ina zaton ta daɗe da lura akwai abin da ke cinka. Za ta iya yin fushi na kwana biyu, haƙƙinta ne. Bayan nan ka tafi da ita wurin likita, domin ita za ta riƙa ɗiga maka maganin, gara ta ji bayani da kunnenta.

Shehinku kuma ka koma wurinsa bayan an yi maka aikin, ba da ƙorafi ba. Ka roƙe shi ya bar maka ayari ɗaya baɗi a gwada. Ka kuma canza abu guda. Ka daina barin fuskarka ta riga bakinka isa wurin baƙo. Tun a Jidda, kafin a ɗauki kaya, ka tara su ka ce musu da Hausar gida, jama'a, wannan fuska ciwon ido ne, ba fushi ba, duk wanda ya ɓata zan neme shi kuma ba zan yi masa faɗa ba. Za su yi dariya, kuma daga nan an wuce wurin. Mukhtaru yana da ƙuruciya, kai kana da harshen tsofaffin da ba su taɓa fita ƙauyensu ba, ka kuma san kowane lungu na Mina. Shehin da ya riƙe ka shekara ashirin ya san wannan. Ita kuwa Maryama, 'yar wata takwas ƙyuya take yi wa duk wanda ba ta gani kullum. Ka yawaita zuwa Zahir, ka zauna a ƙasa kusa da ita, kada ka miƙa hannu, ka yi ta hira da uwarta. Da rarrafenta za ta zo ta same ka.

Alhaji, ka rubuto mini bayan ka ga likita, ko layi uku ne, domin akwai masu irin idonka da yawa a cikin masu karanta wannan fili. Ni har yau Allah bai kira ni aikin Hajji ba, shekarata sittin. In ka shiga Harami ka roƙa mini. In kiran ya zo, ina so in same ka kana gani da idanunka biyu. Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya maka ido, ya daidaita tsakaninka da iyalinka. A gaishe mini da mutanen Tandabawi.

Naka,
Rabe.